Yadda Ake Tantance Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara a Cibiyar Lafiya ta Matakin Farko

Da wuya a kawo yaro asibiti da sunan damuwa ko fargaba. Abin da uwa za ta faɗa shi ne ciwon ciki da ya ƙi jin magani, ko ciwon kai da ke tashi duk safiyar ranar makaranta, ko fitsarin kwance da ya dawo bayan an daɗe da rabuwa da shi, ko kuwa ta ce yaron ya ishi kowa da ƙiriniya. Ma'aikacin lafiya na matakin farko, nas ne ko likita ko jami'in lafiyar al'umma, shi ne yake ganin waɗannan yara tun ana kawo su awo da allurar rigakafi, don haka shi ne ya fi kowa damar gane matsala tun tana ƙarama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin larurorin da manya ke fama da su sun faro ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwar yara kuwa sun yi ƙaranci a kusan kowace ƙasa, ta yadda yaron da aka bari sai ya kai hannunsu kafin a lura da shi zai iya shafe shekaru yana jira.

Tantancewa tamkar rairaya ce. Ana bi da yaran da ba a san suna da matsala ba ta cikin 'yan tambayoyi, a ware waɗanda ya kamata a zauna da su a yi bincike mai zurfi. Sakamakonta ba ya tabbatar da cuta, kuma duk matakan da ke tafe sun ginu ne a kan wannan.

Mataki na farko: a san inda za a kai yaron kafin a fara tambaya

Cibiyoyi da yawa sukan fara da buga takardun tambayoyi, alhali wannan ne ya kamata ya zo daga baya. Kafin a yi wa yaro ko guda tambaya, sai ma'aikata su zauna su amsa wasu tambayoyin da kansu. Wane ne zai miƙa takardar, wane ne zai haɗa maki, kuma wane ne zai duba sakamakon kafin iyalin su bar harabar? Idan yarinya ta amsa cewa tana tunanin kashe kanta, a wane ɗaki za a zauna da ita, kuma lambar wa za a kira? Wane asibiti ne mafi kusa da yake karɓar yara masu larurar ƙwaƙwalwa, a wace rana, kuma da wace irin takarda? A rubuta amsoshin a shafi ɗaya, a manna a inda kowane ma'aikaci zai gani.

A ganina, cibiyar da ba ta da amsar waɗannan tambayoyi gara ta jinkirta tantancewar har ta samu, domin takardar da aka cike aka jefa a cikin fayil ba wanda ya karanta ta fi rashin tambayar muni: yaron ya buɗe cikinsa, an kuma nuna masa cewa ba wanda ya damu. Inda ƙwararru suka yi nisa, akwai madogara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, na faɗaɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2008, ta fitar da littafin jagorarsa a 2010, ta sabunta shi a 2016, kuma an rubuta shi ne musamman don ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin ƙwaƙwalwa. Akwai babi guda a cikinsa kan yara da matasa, wanda ya kamata kowane mai tantancewa ya samu horo a kansa.

Mataki na biyu: a zaɓi ma'auni gwargwadon shekarun yaro

Ma'auni ɗaya ko biyu da ma'aikata suka ƙware a kansu sun fi tarin takardu amfani. Shekarun yaro ne ke nuna wanda za a ɗauka.

Ga jariri, lafiyar ƙwaƙwalwar uwa ce ake fara dubawa, domin uwar da ke fama da ciwon damuwa bayan haihuwa takan kasa kallon jaririnta da yi masa wasa da amsa kukansa kamar yadda take so, kuma a nan ne ci gaban ƙwaƙwalwarsa yake farawa. Ma'aunin Edinbura, wanda aka wallafa a 1987, tambayoyi 10 ne kacal, kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance uwa lokacin da aka kawo jariri yana da wata 1, 2, 4 da 6.

Ƙungiyar ta kuma ba da shawarar auna ci gaban yaro yana da wata 9, 18 da 30, sannan a yi tantancewar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, yana da wata 18 da 24. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a nan shi ne M-CHAT-R/F, na yara masu wata 16 zuwa 30, mai tambayoyi 20 da ake amsawa da e ko a'a. Maki 0 zuwa 2 na nuna ƙarancin haɗari, 3 zuwa 7 na bukatar tambayoyin bibiya da ke tare da ma'aunin, 8 zuwa sama kuwa a tura yaron kai tsaye. Ko babu takarda a hannu, yaron da bai fara gwaranci ko nuni da yatsa ba yana da wata 12, ko bai furta kalma ko ɗaya ba yana da wata 16, ko bai haɗa kalmomi biyu ba yana da wata 24, ko ya manta maganar da ya riga ya iya, yana bukatar bincike.

Ga 'yan makaranta akwai ma'aunai biyu da suka shahara. SDQ, wanda Robert Goodman ya wallafa a Ingila a 1997, yana da tambayoyi 25 da aka kasa gida biyar: damuwar zuciya, ɗabi'a, rashin natsuwa, hulɗa da sa'o'i, da kyautata wa mutane. Gidaje huɗun farko ne ake haɗawa su ba da jimillar da ke tsakanin 0 da 40. Akwai kwafin iyaye da na malamai, akwai kuma wanda yaro mai shekara 11 zuwa 17 zai cike da kansa. Na biyun shi ne PSC-17, mai tambayoyi 17 da ake ba kowacce maki 0, 1 ko 2, inda jimillar 15 zuwa sama ke nuna a zurfafa bincike.

Ga matasa, kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya ce a 2022 a riƙa tantance fargaba daga shekara 8 zuwa 18, ciwon damuwa kuma daga 12 zuwa 18. PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa wanda yake da sigar matasa, yana tambaya ne kan makonni biyu da suka wuce, jimillarsa 27 ce, kuma 10 zuwa sama ake ɗauka a matsayin alamar da za a bi. SCARED mai tambayoyi 41 na fargaba ne, maki 25 zuwa sama ne alamar da za a bi. CRAFFT kuma na shaye-shaye ne, inda e guda biyu suka isa a tsaya a yi magana.

Kada ma'aikaci ya riƙa fassara tambayoyin da ka yana karantawa, domin kowa zai fassara yadda ya ga dama, makin kuma ya rasa ma'ana. A nemi fassarar da masu ma'aunin suka amince da ita a harshen da iyalin ke ji.

Mataki na uku: buɗe maganar da cike takardar

Yadda aka miƙa takardar yana sauya amsar da za a samu. Uwar da ta ga an ware ɗanta shi kaɗai an ba ta takardar ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ana cewa yana da taɓin hankali, sai ta amsa komai da a'a don ta kare shi. Abin da ya fi shi ne a nuna mata cewa kowa ake yi wa. Ana iya cewa: "Mama, kamar yadda muke auna nauyin kowane yaro, haka muke tambaya kan barcinsa da wasansa da yanayin zuciyarsa. Duk wanda ya zo muna yi masa waɗannan tambayoyi. Babu amsar da ta fi wata, abin da kika gani a gida kawai za ki faɗa mana." A nemi yardarta, a kuma nemi yardar yaron idan ya kai fahimta.

Wanda ya fi zama da yaron ne ya kamata ya amsa, ko da ba shi ne ya kawo shi ba. Idan mai amsawa ba ya karatu, a karanta masa a keɓe, da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tare da ɗaga gira ko ƙara "ai ba ya yi, ko?" a ƙarshen tambaya ba. A tuna masa tsawon lokacin da ake tambaya a kai, domin SDQ na duba watanni shida ne, PHQ-9 kuma makonni biyu, kuma iyaye sukan amsa da abin da ya faru jiya. Yayin da ake cikewa, ma'aikaci ya sa ido: ko yaron yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana haɗa ido, ko yana maƙale da uwar, ko yana firgita idan babba ya ɗaga hannu.

Mataki na huɗu: zama da matashi shi kaɗai

Daga wajen shekara 12, wani ɓangare na ganawar ya kasance ba tare da iyaye ba. Wannan mataki ne ma'aikata suka fi tsallakewa, sau da yawa don nauyin iyaye, kuma a nan ne ake rasa abubuwa mafi haɗari. A faɗa wa uba cikin girmamawa: "Baba, ka ba mu 'yan mintuna da shi, haka muke yi da duk sa'o'insa don su saba yi wa likita bayani da bakinsu. Za mu kira ka yanzu." Idan matashin ya fi sakewa da ma'aikaci jinsinsa, ko yana son wani ma'aikacin ya zauna a ɗakin, a yi masa hakan.

Kafin tambayar farko a bayyana iyakar sirri: abin da aka faɗa a ɗakin zai tsaya a ɗakin, sai fa idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko wani yana cutar da shi, kuma ko a lokacin za a fara gaya masa kafin a gaya wa kowa. Kada a yi alkawarin sirri marar iyaka, domin ranar da aka saɓa shi matashin ba zai sake yarda da wani ma'aikacin lafiya ba. Daga nan a bi tsarin da ake kira HEADSS, wanda ke farawa da mai sauƙi ya gangara zuwa mai nauyi: gida, makaranta, abokai da abin da yake yi a lokacin hutu, shaye-shaye, mu'amalar jinsi, sai tunanin kashe kai.

Tambaya kan kashe kai ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, bincike ya sha nuna haka, kuma kewaye-kewaye ba ya fito da amsa. Ma'aunin ASQ, na cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka, tambayoyi huɗu ne: ko a makonnin nan ya yi fatan da ma ya mutu, ko ya ji cewa shi ko iyalinsa za su huta idan ba ya raye, ko a makon da ya wuce ya yi tunanin kashe kansa, ko ya taɓa yunƙurin yin haka. E guda ɗaya ta isa a yi ta biyar, wato ko yana da wannan tunani a yanzu. Tambaya ta tara a PHQ-9 ma a kan wannan take, kuma ana duba ta ita kaɗai ko da jimillar maki ta yi ƙasa.

A ɗauka yarinya ce mai shekara 14, zuwanta na uku ke nan da ciwon ciki, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. A gaban uwarta kanta na sunkuye, amsarta ba ta wuce "lafiya lau" ba. Da uwar ta fita, aka tambaye ta da wa take zama a aji, sai ta yi shiru tana murza bakin rigarta, can ta ce ba kowa, tun da aka yaɗa wani hotonta a waya. Makinta na PHQ-9 ya tsaya a 9, ƙasa da iyaka da ɗigo ɗaya, amma ta sa alama a tambaya ta tara. Wanda ya dubi jimilla kawai zai sallame ta da maganin ciki a karo na uku.

Mataki na biyar: karanta maki da hankali

A kwafin iyaye na SDQ, rabon asali shi ne 0 zuwa 13 daidai, 14 zuwa 16 kan iyaka, 17 zuwa 40 sama. An yanka waɗannan iyakoki ne daga yaran Birtaniya, ta yadda kusan kashi 10 cikin ɗari za su faɗa rukunin sama, saboda haka a wata al'ummar suna iya kama yara fiye ko ƙasa da yadda ya kamata.

Wani ɗan lissafi na misali zai nuna dalilin taka-tsantsan. A ce cikin yara 100, guda 10 ne suke da larurar da ake nema, ma'aunin kuma yana gane 8 cikin kowane 10 masu ita, yana kuma wanke 8 cikin kowane 10 marasa ita. Zai kama 8 na gaskiya, ya kuskure 2, sannan cikin lafiyayyu 90 ya kama 18 bisa kuskure. Ke nan cikin yara 26 da makinsu ya hau, 8 ne kawai suke da larurar. Shi ya sa ba a rubuta sunan cuta a katin yaro saboda maki, kuma shi ya sa damuwar uwa ko malami ba ta faɗuwa don maki ya yi ƙasa.

Abin da ke raba larura da halin ƙuruciya shi ne tsawon lokaci da kuma illa. Tun yaushe abin ya fara? Yana hana shi zuwa makaranta, ko barci, ko wasa da sa'o'insa? A gida kaɗai yake yi ko har a aji? Larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, alal misali, sai alamunta sun kai wata shida, sun bayyana kafin shekara 12, an kuma gan su a wurare biyu aƙalla, don haka ba a yanke hukunci a kanta ba tare da jin ta bakin malami ba. Idan amsar uwa da ta yaro suka saɓa, kada a zaɓi ɗaya a watsar da ɗaya: iyaye sun fi ganin ƙiriniya da faɗa, yaro kuma ya fi sanin tsoro da baƙin cikin da ke ransa. A kuma tuna cewa ciwon damuwa a wurin matashi yakan fito da siffar saurin fushi maimakon kuka. Sannan a tambayi abin da ya sauya a rayuwarsa, kamar rasuwa, rabuwar iyaye, ƙaura, duka, ko cin zali a makaranta.

Mataki na shida: a duba jiki

Yaron da ba ya ji da kyau yakan yi kama da marar biyayya, wanda ba ya ganin allo kuma yakan yi kama da marar mayar da hankali. A gwada ji da gani, a auna tsawo da nauyi, a duba alamun ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki, a tambayi barci da minshari, a tambayi magungunan da yake sha. Matsalar maƙoƙo da gubar dalma duk suna iya sauya ɗabi'a. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro: sai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi a tsakiyar magana, ya dawo bai san ya tafi ba, sau da yawa a rana, malami kuma ya rubuta cewa ba ya sauraro. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarar wuya kuwa larurar jiki ce ta gaggawa. Tabo ko rauni da bai dace da labarin da aka bayar ba yana bukatar a bi dokar kare yara ta ƙasar da ake aiki.

Mataki na bakwai: yanke shawara da sanar da iyaye

Yaron da ke tunanin kashe kansa a yanzu, ko ya yi yunƙuri kwanan nan, ko yake jin muryoyi da ganin abin da babu, ko ake cin zarafinsa a gidan da zai koma, ba ya jiran gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da babban da zai kare shi, a haɗa shi da ƙwararru a ranar, a kuma gaya wa iyalin su kulle maganin ƙwari da sauran magunguna da makamai. Wanda ake zargin otizim, ko jinkirin ci gaba, ko larurar da ta hana shi makaranta, a tura shi da takarda mai ɗauke da sunan ma'aunin da makin da abin da aka gani, kuma kada a jira tabbacin cuta kafin a fara koya wa iyaye yadda za su yi masa magana da wasa.

Saura, waɗanda su ne mafiya yawa, ana iya fara taimakonsu a cibiyar: daidaita lokacin barci, yabon yaro idan ya yi daidai, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, daina duka, komawa makaranta sannu a hankali ga mai tsoronta, da kula da lafiyar mai renon shi kansa. Jagorar mhGAP ta 2016 ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 maganin ciwon damuwa, ga matashi kuma fluoxetine kaɗai ta ambata, bayan an gwada maganin tattaunawa, kuma da sa idon ƙwararre. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga matasa, musamman a farkon shansu.

Wajen sanar da iyaye, a fara da abin da yaron ya iya, sannan a yi amfani da kalmomin da su da kansu suka faɗa: "Mama, kin ce ya daina wasa, barcinsa kuma ya lalace. Amsoshinki sun nuna ya kamata mu duba wannan sosai. Ba laifinki ba ne, ba kuma laifinsa ba ne, kuma ana samun sauƙi." A saurari yadda suke fassara abin ba tare da gardama ba, domin iyayen da aka ƙaryata ba sa dawowa.

Mataki na takwas: bibiya

Kafin su tashi a ba su ranar dawowa a rubuce, mako biyu zuwa huɗu ga matsala mai sauƙi, cikin 'yan kwanaki ga wanda aka samu da tunanin kashe kai. A ajiye rajista ta daban mai ɗauke da sunan duk yaron da makinsa ya hau, da inda aka tura shi, da ko ya isa, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba ta duk mako da kiran waɗanda ba su dawo ba. Takardun matasa a adana su inda ɗan'uwa ko ma'aikacin da abin bai shafa ba ba zai buɗe ba. Idan sun dawo, a sake cike ma'aunin da aka yi amfani da shi tun farko, da bakin wanda ya amsa a karon farko, a rubuta sabon makin kusa da tsohon. Idan bayan zuwa biyu ko uku makin bai sauka ba, ko yaron ya ƙara janyewa daga makaranta da abokai, a mayar da shi rukunin waɗanda ake turawa ga ƙwararre.